Yadda Ake Zagaya Landan da Yara Cikin Kwana Biyar

Abin da ya fi ɓata wa iyali ziyarar Landan shi ne dogon jerin wurare. Uba ya rubuta goma sha biyar, ya raba su uku-uku a rana, ya manta cewa garin na tafiyar ƙasa ne, kuma ƙafar ɗan shekara biyar ce za ta yanke hukunci. Tsarin da ke aiki shi ne babban wuri ɗaya da safe, abinci, sai fili ko lambu da yamma, duk a unguwa guda. Wanda ya tsallaka gari sau biyu a yini, rabin ranarsa a ƙarƙashin ƙasa za ta ƙare.

Tun daga gida

Bizar Schengen ba ta shiga Birtaniya. Ana neman bizar baƙo ta Birtaniya, wadda ke ba da damar zama har wata shida, kuma kowane yaro da tasa, har jariri na goye. Ana iya nema wata uku kafin ranar tafiya, amsa kan fito cikin kamar mako uku, amma gab da dogon hutu takan yi jinkiri, don haka kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin a ga amsa. Idan uwa ce kaɗai ko uba kaɗai zai tafi da yaran, a riƙe takardar amincewar ɗayan da takardun haihuwa.

Kilishi, dambun nama, man shanu da cuku ba sa shiga ƙasar. Dokarsu ta hana shigo da nama da kayan madara, in an gani za a ƙwace. Madarar jarirai ta gwangwani wadda ba a buɗe ba an yarda da ita har kilo biyu. Wanda ya riƙo tsabar kuɗi da suka kai fam 10,000 sai ya bayyana su ga kwastan. Tsofaffin takardun fam 20 da 50 an daina karɓarsu a shaguna tun ƙarshen Satumban 2022, na roba ake kashewa yanzu, saboda haka a duba abin da ɗan canji ya miƙo. Mafi muhimmanci dai shi ne katin banki mai aiki a waje, domin wurare da yawa ba sa karɓar tsaba sam. A tambayi banki iyakar abin da katin ke iya kashewa a wata tun kafin a tashi.

A saka buta ƙarama a jaka, bayan gidan can takarda ce kawai. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya da Ghana, amma wanda ya fito daga Nijar ko Kamaru ko Chadi sai ya nemi adafta. Ga kowane yaro rigar ruwa mai hula da takalmin da ya riga ya saba da shi. Lema ba ta da amfani sosai a cunkoso.

Lokacin zuwa yana canza komai. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, ta fito kafin biyar na safe, yara su ƙi barci, isha'i kuma ta yi nisa ƙwarai. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba, azahar da la'asar da magariba su taru cikin 'yan sa'o'i, ku kuma kuna tsakiyar yawo. Mayu, farkon Yuni da Satumba sun fi daɗi. Daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta 'yan makarantar Ingila suna hutu, layuka kan ninka. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu ɗaya ne da na Najeriya da Nijar, sauran watannin suna baya da awa guda.

Wajen masauki, a fifita ɗaki mai kicin a kan otal, kuma a duba abu guda a taswira: minti nawa ne a ƙasa zuwa tashar jirgi, kuma tashar tana da lif? Gida mai arha a bayan gari, kuɗin jirgi da gajiya za su cinye rangwamen.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas

Daga filin jirgin sama na Heathrow hanya uku ce. Layin Piccadilly ya fi arha, yana ɗaukar kusan awa guda, taragunsa matsattsu ne. Heathrow Express minti 15 ne zuwa Paddington, amma da tsada. Ga mai akwatuna da yara, layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 ya fi dacewa, domin taragunsa na da faɗi, kuma tashoshinsa na da lif.

Kowane babba yana buƙatar katinsa, ko katin banki da ake dangwalawa ko katin Oyster da ake saya a tasha a zuba masa kuɗi. Mutum biyu ba sa shiga da kati ɗaya. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 kyauta suke shiga, har huɗu a bayan babba guda. 'Yan 11 zuwa 15 a saya musu Oyster, a je da yaron wurin ma'aikacin tasha a ce a saka masa Young Visitor discount, zai riƙa biyan rabin kuɗi har kwana 14.

A jirgi ana dangwala kati a kan rawayan da'ira wajen shiga da wajen fita. A bas wajen shiga kawai, kuma direba ba ya karɓar tsaba. Kurakurai biyu ne ke cin kuɗin baƙi. Na farko, a shiga da waya a fita da kati: ko da asusun banki ɗaya ne, na'ura tana ɗaukarsu abu biyu, ta caji kuɗin tafiya mafi tsada sau biyu. Na biyu, a dangwala walat gaba ɗaya da katuna a ciki, na'ura ta zaɓi wanda ta ga dama. In aka tsaya a kan kati ɗaya, akwai iyakar da kuɗin yini ba ya wucewa, kuma duk bas ɗin da aka canza cikin awa guda kuɗin shiga ɗaya ne.

Mai yara ya bi ƙofa mai faɗi da ke gefe, ƙananan ƙofofin suna rufewa da sauri su raba uwa da ɗa. A matakala mai tafiya da kanta ana tsayawa a dama, hagu na masu sauri ne. Tashoshi masu lif suna da alamar keken guragu a taswira, kuma da yawa daga tsofaffin ba su da ita. A tashar Covent Garden in layin lif ya yi tsawo kada a yi gangancin bin matakala, guda 193 ne. Daga 6:30 zuwa 9:30 na safe da 4 zuwa 7 na yamma a ranakun aiki kuɗi ya fi yawa, mutane kuma kamar a buhu. A koya wa yara magana ɗaya tun ranar farko: in ƙofa ta rufe ta bar ka a tasha, tsaya nan kada ka motsa, in kai ne a cikin jirgi, sauka a tasha ta gaba ka tsaya kusa da ma'aikaci. A saka takarda mai lambar waya a aljihun kowa.

Motoci a hagu suke tafiya. Idon da ya saba da titin Kano ko Maraɗi hagu yake fara dubawa, a can kuwa mota daga dama take fitowa. An rubuta LOOK RIGHT ko LOOK LEFT a ƙasa a bakin titi, a bi abin da aka rubuta.

Rana ta ɗaya: Westminster da fada

A sauka a tashar Westminster da misalin tara da rabi. Da an fito, ga hasumiyar agogo a gaba, tsayinta mita 96. Sunanta Elizabeth Tower tun 2012, Big Ben sunan ƙararrawar ciki ne mai nauyin fiye da tan 13. A daidaita isowa da cikar awa don yara su ji bugunta. A kan gadar Westminster za a ga masu wasan kofi uku da ƙwallo. Damfara ce, waɗanda ake gani suna cin kuɗi abokansu ne, kuma a wurin ake yankan aljihu.

Cocin Westminster Abbey na tsallake, nan ake naɗa sarakunansu tun 1066, na baya-bayan nan Sarki Charles na Uku a ranar 6 ga Mayu, 2023. Shiga da kuɗi ne, ranar Lahadi ba a buɗe wa masu yawo, kuma ƙananan yara kan ƙosa da kaburbura. Kallo daga waje ya wadatar.

Canjin dogarai a fadar Buckingham da ƙarfe 11 ake yi, amma ba kullum ba, kuma ruwan sama mai ƙarfi na sa a fasa. A duba jadawalin a intanet daren da ya gabata. Gaskiyar magana, a bakin ƙofar fada yaro bayan mutane kawai zai gani, sai in an tsaya tun awa guda kafin lokaci. Gara a tsaya a gefen titin The Mall, inda sojoji da masu bushe-bushe ke wucewa dab da mutum. Ko a je Horse Guards a titin Whitehall, inda dogarai biyu ke zaune a kan dawakai. Akwai allo da ke gargaɗin cewa dokin na cizo da harbi, kuma da gaske ne, kada yaro ya taɓa linzami. A gefen The Mall ɗin ne Lancaster House yake, inda aka yi tarukan tsarin mulkin Najeriya a 1957 da 1958, abin nuna wa manyan yara ko daga waje.

A ci abincin rana a lambun St James's. Akwai kurege, agwagi da kwasakwasa. Su kwasakwasan asalinsu kyautar jakadan Rasha ce a 1664. Ana ba su kifi tsakanin biyu da rabi da uku. In da sauran ƙarfi, a ƙetare kogi zuwa London Eye, ƙaton lilo mai siffar ƙafar keke, tsayinsa mita 135, ɗakunan gilashi 32, zagaye ɗaya rabin awa. A sayi tikiti a intanet, kuma in gari ya yi hazo a bar shi sai wata rana. A kai yara bayan gida kafin a shiga, babu a ciki.

Rana ta biyu: South Kensington

Manyan gidajen tarihi uku ne a titi ɗaya, Natural History Museum, Science Museum da Victoria and Albert (V&A), shiga duka kyauta, kuma akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa daga tasha zuwa bakinsu, don haka a ajiye wannan rana don ranar ruwa. Kyauta ba ta hana layi ba. A yanki tikitin lokaci a intanet, shi ma kyauta ne, a isa ƙarfe goma daidai lokacin buɗewa.

A fara da Natural History Museum. A babban zaure an rataye ƙasusuwan kifin whale, dabbar da ta fi kowace girma a teku, tsawonsu ya haura mita 25. Kada a daɗe a nan, a wuce kai tsaye sashen dinoso, manyan dabbobin zamanin da da suka ƙare, domin kafin sha ɗaya ya cika. Akwai mutum-mutumin T. rex mai motsi da ruri a wuri mai duhu, yakan firgita 'yan shekara uku, a riƙe su. Daga nan sai sashen duwatsu masu aman wuta, inda aka gina shago irin na Japan da ke girgiza don a ji yadda girgizar ƙasar Kobe ta 1995 ta kasance. Awa biyu da rabi sun isa.

Science Museum na maƙwabtaka, da jiragen sama, injuna da kayan zuwa sararin samaniya. A ƙasa akwai wurin wasa na 'yan shekara uku zuwa shida mai wasan ruwa, a taho da rigar canji. Sashen Wonderlab na kuɗi ne, amma ga 'yan bakwai zuwa sha huɗu ya cancanci kuɗinsa. Kada a haɗa duka biyun da V&A a ce za a gama. A V&A ɗaki ɗaya za a nufa, zauren fasahar Musulunci, inda aka shimfiɗa dardumar Ardabil da aka saƙa a Iran wajen 1540. Fitilarta minti goma ake kunnawa a kan kowace awa da rabin awa, don haske na kashe launinta, saboda haka a duba agogo kafin a shiga.

Rana ta uku: Tower of London da Greenwich

Wannan ce rana mafi tsada kuma mafi tsawo. A sauka a Tower Hill da tikiti a hannu, a shiga da zarar an buɗe. Ganuwar ta kusa shekara dubu, Sarki William ne ya fara gina farar hasumiyar tsakiya bayan ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Mutane kan tsaya a ƙofa suna jiran mai jagora. Ku ku wuce ɗakin kayan sarauta tukuna, don da rana layinsa kan yi tsawo ƙwarai. A ciki akwai kambuna da sandar sarauta mai ɗauke da lu'ulu'un Cullinan mai karat 530, wanda aka yanko daga dutsen da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905. Bel mai tafiya ne ke wucewa da mutane ta gaban kambunan, kuma an yarda a zagayo a sake hawa. Ba a ɗaukar hoto.

Bayan nan a bi dogaran gidan masu kaya shuɗi mai duhu da jan ado, jagorancinsu na cikin kuɗin tikiti. Labaransu na sare kawuna ne, wanda ke da ƙaramin yaro mai tsoro ya ja baya. Hankakin da ke yawo a fili ana kiwon aƙalla shida, saboda camfin cewa in suka tashi masarauta za ta faɗi. Suna cizo, kuma suna ƙwace abinci a hannu. Daɓen duwatsu ne ko'ina, farar hasumiyar kuma matakala ce zalla, don haka goyo ya fi keken jariri.

Gadar nan mai hasumiya biyu da ke gefe ita ce Tower Bridge, an buɗe ta a 1894. Wanda ya ce wa direba London Bridge wata gada daban za a kai shi, wadda ba abin kallo a jikinta. Ƙetarawa kyauta ne, hawa sama inda ake taka gilashi mita 42 bisa ruwa na kuɗi ne. Ana wallafa lokutan da ake ɗaga ta don jirage su wuce.

Daga mashigar da ke gaban ganuwar a hau jirgin ruwa zuwa Greenwich, tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Kyautar 'yan ƙasa da 11 ba ta shafi jirgin ruwa ba. A can akwai Cutty Sark, jirgin dakon shayi na 1869, da gidan tarihin jiragen ruwa wanda shiga kyauta ne. A kan tudu kuma ga gidan nazarin taurari da aka kafa a 1675, inda layin da ya raba gabas da yamma ya ratsa, tushen agogon GMT da ake ji a rediyo. Layin nan ne ya gangaro ta Aljeriya da Mali har ya faɗa teku a Tema ta Ghana. Farfajiyar da ake ɗaukar hoto ta kuɗi ce, amma layin ya ci gaba a wajen katanga, ta wata 'yar ƙofar ƙarfe a ƙasa kaɗan, inda ake taka shi kyauta. Tudun na da tsayi, mai tura keke ya bi hanyar da ta zagaya. A koma da jirgin ƙasa na DLR, wanda ba shi da direba, a bar yara su zauna a kujerar gaba.

Rana ta huɗu: British Museum

An kafa shi a 1753, kuma ba mai gama shi a yini. A zaɓi sassa huɗu. Ɗaki na 4 na da dutsen Rosetta da aka warware rubutun Fir'aunoni da shi. Na 62 da 63 a sama nan ne gawarwakin Masar da aka naɗe, su yara suka fi so, nan kuma aka fi cunkoso. Na 42 da 43 na duniyar Musulunci ne. Na 25 a ƙasa na Afirka ne, inda tagullan Benin da sojojin Birtaniya suka kwaso a 1897 ke jere, waɗanda har yau Najeriya ke neman a mayar. Ba a shiga da manyan akwatuna, ana kuma binciken jaka a ƙofa. Ranar Juma'a suna kaiwa takwas da rabi na dare.

Minti goma daga nan akwai Coram's Fields, filin wasan da ba a barin babba ya shiga sai da yaro. Da yamma, maimakon motar 'yan yawon buɗe ido mai tsada, a hau bas lamba 15 daga Trafalgar Square a zauna sama a gaba. Zai bi ta Aldwych, kusa da Bush House inda Sashen Hausa na BBC ya daɗe yana watsa shirye-shirye kafin a tashi a 2012, ya wuce cocin St Paul's har Tower.

Rana ta biyar, abinci da salla

In da hali a sa wannan rana ta faɗo Juma'a. Gidan namun daji na Landan, wanda aka buɗe a 1828, yana arewacin lambun Regent's Park, babban masallacin Landan mai ƙubba ruwan zinariya kuma yana yammacinsa, akwai sashen mata. A shiga gidan namun dajin ƙarfe goma, a fito da wuri, domin tafiyar ƙasa tsakaninsu ta kai minti ashirin da yara, masallacin kuma kan cika.

Sauran ranaku, alƙibla kudu maso gabas take. A riƙe siririyar darduma, ba mai hana salla a lambu, kuma a manyan gidajen tarihi a tambayi ma'aikata ɗakin da aka keɓe don ibada. Abincin halal ya fi yawa a Edgware Road, inda Larabawa suke, da Whitechapel kusa da masallacin gabashin Landan. Wanda ya yi kewar shinkafa dafa-duka da tsire ya nufi Peckham. A manyan kantuna a karanta jikin leda: pork, ham, bacon, gammon da lard duk alade ne, alawar yara mai danƙo kuma sau da yawa akwai gelatine a ciki. Ruwan famfo ana sha, a riƙe gora a riƙa cikawa. Ranar Lahadi manyan kantuna awa shida kawai suke buɗewa, a yi cefane tun Asabar.

Kada a tsaya a bakin titi da waya a hannu ana duba taswira, masu kekuna na fizgewa su wuce, a matsa jikin bango. Kekunan haya masu fitilu da kiɗa da ke yawo a Oxford Street kada a hau sai an yi ciniki, an kuma tabbatar ko kuɗin na mutum ɗaya ne ko na kowa. In yaro ya yi zazzaɓi a kira 111 a nemi shawara, 999 na gaggawa ne. Baƙo yana biyan kuɗin kwanciya a asibiti, don haka takardar inshorar tafiya ta zauna a jaka ɗaya da fasfo.